Waya da Takarda: Rayuwar Samuel Insull (1859–1938) da Kafuwar Kasuwar Wutar Lantarki a Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Samuel Insull, haifaffen Landan da ya shiga Amurka a matsayin sakataren Thomas Edison, ya shugabanci kamfanin lantarki na Shikago tsawon shekara arba'in, sannan ya ƙare a gaban kotu bisa tuhumar zamba. An duba yadda ya fahimci lissafin tashar wuta, da yadda ya sauke farashi har wuta ta shiga gidan mai ƙaramin ƙarfi, da kiran da ya yi tun 1898 na a ɗora hukuma a kan kamfanonin lantarki. An kuma waiwayi ƙa'idojin kariya daga gobara da jan wuta waɗanda suka tsiro a zamaninsa. Abin da maƙalar ta tsaya a kai shi ne, sa idon da Insull ya nema ya taƙaita ga waya da farashi, bai kai ga takardun hannun jari da na bashi da ya tula a saman kamfanonin ba, kuma ta wannan kafa ɓarna ta shigo.

1.0 Gabatarwa

Idan ana tarihin wutar lantarki, sunayen da suka fi zuwa baki su ne na masu ƙirƙira, irin su Edison da Tesla da Westinghouse. Sai dai ƙera ƙwan fitila da janareta bai isa ya kai wuta gidaje ba. A shekarar 1892, wato shekara goma bayan Edison ya kunna tasharsa ta farko a Niyok, wutar lantarki kayan ƙawa ce ta otal-otal da manyan kantuna da gidajen attajirai, sauran jama'a kuwa suna kwana da fitilar gas ko ta kananzir. Tambayoyin da suka rage sun wuce ɗakin gwaji. Wa zai zuba jarin? Yaya za a yanka farashi? Wa zai tsawata wa kamfanin da ba shi da kishiya? Wa zai ɗauki alhaki idan waya ta ƙone gida? Insull ɗan kasuwa ne, ba injiniya ba, amma yawancin amsoshin da ya bayar ga waɗannan tambayoyi su ne ƙasashe da dama suke aiki da su har yau, ko da sunansa ya ɓace daga bakin mutane.

2.0 Daga Landan zuwa ƙofar Edison

An haifi Samuel Insull a Landan ranar 11 ga Nuwamba, 1859, a gidan da ba shi da wadata, wanda kuma ya yi fice wajen yaƙi da shan giya. Yana ɗan shekara goma sha huɗu ya bar makaranta ya kama aikin yaron ofis a wani kamfanin masu gwanjo. Da dare yakan koyi gajeren rubutun nan na akawuna da ake ɗaukar magana da shi cikin hanzari, kuma wannan sana'a ce ta buɗe masa ƙofa. A 1879 ya zama sakataren Kanar George Gouraud, wakilin Edison a Ingila. A can Edward Johnson, ɗaya daga cikin na hannun daman Edison, ya lura da yaron da ya haddace kwangilolin kamfanin fiye da masu kamfanin, ya kuma ba da shawarar a kira shi Amurka.

Ya sauka Niyok a ƙarshen Fabrairun 1881 yana da shekara ashirin da ɗaya. Sunan aikin sakatare, amma cikin ɗan lokaci shi ne mai amsa wasiƙu, mai sa hannu a cak, mai zuwa banki neman rance, mai lallashin masu bin bashi. Edison gwani ne a ɗakin gwaji, amma ba ya riƙe lissafi, saboda haka duk wani ƙulli na kuɗi sai ya biyo ta teburin Insull. Yana nan aka kunna tashar titin Pearl ranar 4 ga Satumba, 1882. A 1886 aka mayar da masana'antar injunan Edison garin Schenectady, aka damƙa masa ita. Ya same ta da ma'aikata kimanin ɗari biyu, ya bar ta da kimanin dubu shida.

A 1892 masu kuɗin Niyok, ƙarƙashin jagorancin J. P. Morgan, suka haɗe kamfanin Edison da na Thomson-Houston, aka haifi General Electric, aka cire sunan Edison daga allo, aka ba Charles Coffin shugabanci. An yi wa Insull tayin kujerar mataimaki na biyu da albashin dala dubu 36 a shekara. Bai daɗe a kanta ba ya ajiye, ya karɓi shugabancin wani ƙaramin kamfani, Chicago Edison, a kan dala dubu 12. Ya tafi da darasi guda da bai taɓa mantawa ba: wanda ya ci bashin bankunan Niyok, kamfaninsa ba nasa ba ne. Shekara arba'in ya yi yana kauce musu.

3.0 Lissafin tashar wuta

Shikago na da mutane sama da miliyan guda a lokacin, amma Chicago Edison abokan cinikinsa ba su wuce dubu biyar ba, kuma akwai wasu ƙananan kamfanoni sama da ashirin suna ribibin unguwanni. Dalilin wannan yawa na fasaha ne. Wutar Edison mai tafiya kai-tsaye ba ta iya wuce kimanin mil guda ba tare da ta raunana ba, don haka kowace unguwa sai da tasharta. Insull ya ranci dala dubu 250 daga attajirin birnin Marshall Field ya sayi hannun jari a kamfanin da zai jagoranta, ya yi amfani da karayar tattalin arziki ta 1893 ya saye kishiyoyi da araha, ya gina tashar titin Harrison a 1894. Ya kuma yi abin da maigidansa na dā ya ƙi: ya rungumi wuta mai kai-da-komo wadda taransifoma ke iya ɗaga ƙarfinta a tura ta nesa, sannan ya girka injunan juyi a ƙananan tashoshi domin mayar da ita kai-tsaye ga waɗanda kayansu ke buƙatar haka.

Abin da ya bambanta shi da takwarorinsa shi ne yadda ya gane inda kuɗin wannan sana'a suke tafiya. A lokacin ba a iya tara wutar gari a rumbu. Sai an samar da ita a daidai daƙiƙar da ake buƙatarta. Ke nan dole a gina tasha gwargwadon buƙata mafi girma ta shekara, wato almurun wata rana ta tsakiyar hunturu, lokacin da ofisoshi ba su tashi ba, gidaje kuma sun kunna fitilu. Sauran sa'o'i mafi yawan injunan suna kwance, alhali kuɗin ruwan bashin da aka saye su da shi ba ya barci. Kwal da albashi ba su ne babban nauyi ba. Jarin da aka binne a ƙarfe da tagulla shi ne.

A ƙarshen 1894 ya je hutu garin Brighton na Ingila, ya ga kantuna sun bar fitilu a kunne da dare kamar ba sa tsoron lissafi. Da ya bincika sai ya tarar injiniyan tashar garin, Arthur Wright, ya ƙera wata mita mai auna iyakar wutar da mutum ya ja a lokaci guda, ban da jimlar abin da ya sha a wata. Hikimar a bayyane take idan aka ɗauki misali. Mutum biyu ne, ɗaya yana kunna fitila ɗari na awa guda kullum, ɗayan yana kunna fitila goma na awa goma. Jimlar wutar da suka sha ɗaya ce, amma na farko ya tilasta wa kamfani tanadar masa injin da ya ninka na ɗan'uwansa sau goma, sannan ya bar shi a kwance awa ashirin da uku. Adalci shi ne a raba kuɗin wuta gida biyu: kaso na jarin da aka tanadar wa mutum, da kaso mai sauƙi na abin da ya sha. Insull ya kawo mitar Shikago, zuwa 1897 ya kafa wannan farashi mai hawa biyu. Duk mai masana'anta a Kano ko Kaduna da ya ga an sa shi a rukunin masu jan wuta mafi yawa a takardar kuɗin wutarsa, jikan wannan lissafi yake kallo.

Daga nan ya shiga farautar abokan cinikin da lokutansu suka saɓa. Taragun lantarki na kan titi da jiragen ƙasa na kan gada suna jan wuta da sassafe da yamma. Masana'antu da tsakar rana. Masu yin ƙanƙara da bazara, kuma ana iya yarjejeniya da su su kauce wa sa'ar cunkoso. Gidaje da dare. Inji guda zai iya yi wa dukkansu hidima bi da bi. Ya yi wa kamfanonin sufuri farashin da ya sa suka rufe tashoshinsu, ya sa ana yi wa gidaje wayarin a biya kaɗan-kaɗan, ya raba dubban dutsen guga na lantarki a gwada kafin a biya. Farashin kilowat na awa guda ya sauko daga senti 20 a 1892 zuwa senti 10 a 1897, ya kuma ci gaba da sauka shekaru masu yawa. Sauran shugabannin kamfanoni suna neman riba mai kauri daga mutane kaɗan; shi ya nemi siririya daga kowa.

Yawan ciniki ya buƙaci injin da ba a taɓa ƙerawa ba. Injunan tururi masu fistin sun kai iyakarsu, suna girgiza gini. Insull ya matsa wa General Electric ya ƙera masa injin tururi mai juya farfela na megawat 5, Coffin ya yi ɗari-ɗari, har sai da Insull ya yarda su raba asara idan abin ya ƙi. An kunna shi a tashar titin Fisk a Oktoban 1903. Ana ba da labarin cewa a ranar injiniyansa Frederick Sargent ya nemi ya fita daga ɗakin don gudun kada injin ya fashe, shi kuwa ya ƙi, bisa hujjar cewa in ya fashe kamfanin ya tafi, shi ma ya tafi ko yana ciki ko yana waje. Bai fashe ba. Cikin 'yan shekaru aka maye gurbinsa da na megawat 12, aka mayar da na farkon Schenectady aka kafa shi abin tunawa.

4.0 Gobara da jan wuta

Duk wannan ciniki ya dogara ne a kan mutane su yarda a shigo da waya ɗakin da 'ya'yansu ke kwana, kuma suna da dalilin tsoro. Shikago ba ta manta da gobarar 1871 ba, wadda ta hallaka kimanin mutum ɗari uku, ta bar wajen dubu ɗari babu matsuguni. A Niyok, a Oktoban 1889, wuta ta kama wani ma'aikacin layi, John Feeks, a cikin sarƙaƙƙun wayoyin da ke saman titi, ya mutu jama'a na kallo, lamarin da ya hanzarta sare falwayoyi da binne wayoyi a ƙasa. Ita kanta tashar Pearl ta ƙone a Janairun 1890. Ɓangaren Edison, inda Insull yake babban jami'i a lokacin, ya yi amfani da irin waɗannan mace-mace wajen ɓata sunan wutar Westinghouse, har aka kai ga kashe William Kemmler a kujerar lantarki a Agustan 1890. Yaƙin kasuwa ne aka yafa masa rigar kare rayuka, kuma bayan 'yan shekaru Insull ya sayi fasahar da aka yi ta tsoratar da mutane a kanta.

Ƙa'idojin kariya na gaskiya sun fito ne daga masu biyan diyya. Lokacin babban baje kolin duniya na Shikago a 1893, wanda Westinghouse ya haskaka, kamfanonin inshora sun tsorata da dubban fitilun da aka jera a gine-ginen katako da filasta, suka ɗauko wani matashin injiniya, William Henry Merrill, ya duba wayarin. Bai koma gida ba. A 1894 ya buɗe ɗakin gwajin kayan lantarki da tallafinsu, wanda a 1901 ya zama Underwriters Laboratories. A 1897 kuma masu inshora da injiniyoyi da masu zanen gini da ƙungiyar kamfanonin lantarki suka haɗe ƙa'idoji daban-daban da ake bi a dā, suka fitar da kundin wayarin na ƙasa guda ɗaya, wanda ake sabuntawa har yanzu. Cewa aikin bai ƙare ba ya bayyana ranar 30 ga Disamba, 1903, kusan wata uku bayan kunna injin Fisk, sa'ad da tartsatsin wata fitilar dandamali ya kama labule a gidan wasan Iroquois, mutum kimanin ɗari shida suka mutu, akasarinsu mata da yara, da yawa a bakin ƙofofin da suka ƙi buɗuwa.

Ta ɓangaren ma'aikata, ƙungiyar kamfanonin ta haɗa kai da likitoci aka amince da dabarar farfaɗo da numfashi ta Farfesa Edward Schäfer na Edinburgh: a kifar da wanda wuta ta ja, a riƙa danna ƙasan haƙarƙarinsa ana saki a kai a kai, ba tare da jiran likita ba. An daina wannan dabara yanzu, amma a zamaninta ta ceci rayuka, kuma lambar yabon da ƙungiyar ke ba ma'aikacin da ya farfaɗo da wani da ita tana ɗauke da sunan Insull. Abin lura a nan shi ne, kafin 1910 kusan kowane ɓangare na waya yana da mai duba shi: kaurinta, rufinta, fis ɗinta. Takardun da aka ranto kuɗin sayen wayar da su ba su da mai dubawa.

5.0 Mai neman a sa masa linzami

Izinin haƙa titi da kafa falwaya yana hannun kansilolin birni, kuma a Shikago ta wancan zamani akwai gungun kansiloli da aka yi wa laƙabi da kyarketai saboda kwaɗayinsu. A 1897 suka ƙirƙiri wani kamfani na takarda, Commonwealth Electric, suka ba shi izinin shekara hamsin, da nufin Insull ya saye shi da tsada don gudun kishiya. Ashe ya riga ya ƙulla yarjejeniya da manyan masu ƙera kayan lantarki cewa shi kaɗai za su sayar wa a yankin. Kansilolin suka wayi gari da izinin da babu injin da za a ɗora a kansa, suka sallama masa a kan dala dubu 50. A 1907 ya haɗe kamfanonin biyu suka zama Commonwealth Edison.

Wannan gwagwarmaya ce ta haifi jawabinsa na Yunin 1898 a matsayin shugaban ƙungiyar kamfanonin lantarki ta ƙasa. Hujjarsa ita ce, jera waya biyu a titi guda ɓarnar jari ce wadda mai shan wuta ke biya a ƙarshe. Ya fi dacewa a bar kamfani guda a kowane yanki, a madadin haka hukumar jiha ta ƙayyade farashi bisa ainihin kuɗin da aka kashe da riba daidai gwargwado. Takwarorinsa sun karɓi maganar da sanyin jiki. Amma a 1907 jihohin Wisconsin da Niyok suka kafa irin waɗannan hukumomi, Illinois ta bi sahu da dokar 1913, kafin a jima yawancin jihohi sun bi.

Bai kamata a ɗauki wannan kira a matsayin sadaukarwa ba. Hukumar jiha ta raba shi da kansiloli masu neman na goro, ta toshe bakin masu son birni ya mallaki wutar da kansa, ta kuma sa masu ba da rance su ga kamfanin a matsayin wanda ribarsa ke da tabbas, su rage kuɗin ruwa. Duk da haka tsarin ya amfani mai shan wuta, kuma shi ne samfurin da ƙasashe da yawa suka ara, har da hukumar kula da lantarki da Nijeriya ta kafa a 2005. Rauninsa ma a hannun Insull aka fara ganinsa. A 1926 ya ba Frank Smith dala dubu 125 don yaƙin neman kujerar Majalisar Dattawa, alhali Smith shi ne shugaban hukumar da ke yanka wa kamfanoninsa farashi. Smith ya ci zaɓe, Majalisar ta ƙi rantsar da shi. A 1928 hukumar ciniki ta tarayya ta fara binciken da ya tona yadda kamfanonin lantarki ke cusa farfagandarsu a jaridu da littattafan makaranta, dabarar da ofishin da Insull ya kafa a Illinois a 1919 ya zama abin koyi a kanta.

6.0 Benen takarda

Tun wajen 1910 ya gwada lissafinsa a karkara. A gundumar Lake, arewa da Shikago, ya saye ƙananan tashoshin ƙauyuka masu aiki da dare kawai, ya rufe su, ya haɗa garuruwan da babban layi, wuta ta samu dare da rana a farashi mai sauƙi. Domin yaɗa wannan a wasu jihohi ya kafa Middle West Utilities a 1912, wanda ƙanensa Martin ya riƙa gudanarwa. Wannan kamfanin riƙo ne: ba ya samar da wuta, hannayen jarin masu samarwa yake riƙewa. Da farko amfaninsa a fili yake, domin ƙaramin kamfanin ƙauye ba ya iya samun rance mai sauƙi ko ƙwararren injiniya shi kaɗai.

Haɗarin yana cikin hawa-hawa. A ɗauka kamfanin wuta yana da jarin dala ɗari, rabi bashi ne, rabi hannun jari. Wanda ya riƙe dala 26 ya mallake shi. Idan mai riƙon kamfani ne da shi ma rabin jarinsa bashi ne, dala bakwai sun isa a mallake shi, da wanda ke ƙarƙashinsa. A ƙara hawa uku ko huɗu, sai a juya dukiyar dala ɗari da 'yan sentoci. Muddin riba na ƙaruwa, na saman bene yana kwasar ninki. Da zarar ta ragu kaɗan a ƙasa, masu bin bashi na kowane hawa za su ɗebi nasu tukuna, abin da zai isa sama bai wuce iska ba. Hukumomin jiha kuwa ikonsu ya tsaya a hawan ƙasa, kuma a iyakar jiharsu.

Kuɗin ginin benen sun fito ne daga talakawa. Insull, wanda ya jagoranci majalisar tsaro ta Illinois a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya ga yadda aka sayar wa jama'a takardun lamunin yaƙi, ya kwaikwayi dabarar. Ma'aikatansa suka riƙa tallar hannun jari ga abokan ciniki gida-gida, kamfanin Halsey, Stuart na Shikago yana sayar da takardun lamuni ba tare da an bi ta Niyok ba. Zuwa 1930 rukuninsa na ba abokan ciniki sama da miliyan huɗu wuta a jihohi sama da talatin, aƙalla kashi ɗaya cikin goma na wutar Amurka, da masu hannun jari kimanin dubu ɗari shida. Ya gina wa birnin katafaren gidan opera, aka buɗe shi ranar 4 ga Nuwamba, 1929, kwana shida bayan mummunar faɗuwar kasuwar hannun jari.

Abin da ya kayar da shi ya faro ne kafin wannan. Wani attajirin Cleveland, Cyrus Eaton, ya riƙa sayen hannayen jarin manyan kamfanoninsa a asirce. Insull, wanda abin da ya mallaka da kansa a cikinsu ɗan kaɗan ne, ya tuna 1892. Domin kare kujerarsa ya ɗora wasu hawa biyu a saman benen, Insull Utility Investments a ƙarshen 1928 da Corporation Securities a 1929, kowanne yana riƙe da hannun jarin ɗan'uwansa. A 1930 ya saye abin da ke hannun Eaton a kan dala miliyan 56, farashin da ya haura na kasuwa. Shikago ba ta iya haɗa kuɗin duka ba, sai ga shi a ƙofar bankunan Niyok, yana jinginar da hannayen jari.

7.0 Rushewa da shari'a

Ya ɗauka karayar ta ɗan lokaci ce kamar ta 1893 da ta 1907, ya ci gaba da gine-gine da cin bashi. Bayan Ingila ta bar ma'aunin zinariya a Satumban 1931, farashin hannayen jari ya zube, darajar jinginar ta gaza bashin, bankuna suka nemi ƙari. A Afrilun 1932 suka ƙi sabunta rancen, kotu ta naɗa wa Middle West Utilities da kamfanonin saman bene masu kula da dukiya. Ranar 6 ga Yuni ya sa hannu a takardun murabus daga kujeru sama da sittin, ya tafi Faris. Dukiyarsa ta tafi tare da ta sauran, domin ya jinginar da ita yana neman ceto benen. Malaman makaranta da direbobin tarago da gwauraye da ma'aikatansa sun yi asarar ɗaruruwan miliyoyin dala. A Shikago kuwa fitila ba ta ɗauke ba: Commonwealth Edison da sauran manyan kamfanoninsa biyu na birnin da kewaye ba su karye ba.

Shekarar zaɓe ce. Franklin Roosevelt ya ambaci sunansa a jawabansa na Satumba a matsayin misalin abin da ya lalata ƙasa, a Oktoba aka tuhume shi. Ya bi ta Italiya ya shige Girka, inda kotu ta ƙi miƙa shi har sau biyu. Da matsin Amurka ya yi yawa, ya bar ƙasar a wani jirgin dakon kaya a Maris 1934, aka kama shi a Santambul, aka dawo da shi a Mayu. Gudun nan ya ɓata masa suna fiye da duk abin da masu gabatar da ƙara suka iya kawowa.

An fara shari'ar tarayya a Oktoban 1934, shi da mutum goma sha shida har da ɗansa, bisa zargin yaudarar masu sayen hannun jarin Corporation Securities ta hanyar gidan waya. Gwamnati ta nuna yadda aka riƙa lissafa ribar da aka biya da takarda kamar kuɗi ne a hannu. Lauyansa Floyd Thompson ya nuna cewa babu dokar da ta hana irin wannan lissafi, sannan ya tsayar da dattijon mai shekara saba'in da huɗu ya ba da tarihinsa tun daga Landan. Ranar 24 ga Nuwamba masu taya alƙali hukunci suka wanke su duka bayan zaman kimanin awa biyu. A 1935 aka sake wanke shi a wasu shari'u biyu, ta almubazzaranci da ta karya dokar fatara. Hukuncin ya yi daidai da dokar lokacin, kuma wannan shi ne abin tsoron: mutum zai iya tattara ajiyar rabin miliyan na jama'a a kan lissafin da shi kaɗai ya san zurfinsa, ba tare da ya taka doka ba.

Majalisa ta cike giɓin. Dokar 1933 ta wajabta bayyana gaskiyar lissafi kafin sayar da hannun jari, ta 1934 ta kafa hukumar kula da kasuwar. A 1932 kamfanonin riƙo takwas ne ke juya kashi 73 cikin ɗari na lantarkin 'yan kasuwa. Dokar 26 ga Agusta, 1935 ta tilasta musu rajista, ta hana bene ya wuce hawa biyu a saman kamfanin wuta, ta taƙaita kowanne ga yanki guda mai haɗe da waya, ta kuma ba tarayya iko a kan wutar da ke ƙetare iyakar jiha. Wannan doka ta rayu har 2005. Gonakin Amurka, waɗanda kusan ɗaya cikin goma ne kacal ke da wuta a 1935, gwamnati ce ta kai musu ta hannun ƙungiyoyin gama-kai, aikin da kamfanoni suka ce ba riba. Ƙungiyar da Insull ya taɓa shugabanta ta rushe kanta a 1933, aka kafa wata da sunan Edison, lambar ceton rai ma aka cire sunansa daga kanta. Hukumomin jiha da farashi mai hawa biyu da babbar tasha mai ciyar da yanki guda, babu wanda ya taɓa su.

Ya koma Turai da matarsa Gladys, tsohuwar 'yar wasan kwaikwayo da ya aura a 1899, suna rayuwa da fanshon da tsofaffin kamfanoninsa suka yanka masa. Ranar 16 ga Yuli, 1938, ciwon zuciya ya kayar da shi a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Tuileries a Faris, da 'yan kuɗi kaɗan a aljihunsa. An kai gawarsa Landan, aka binne shi a maƙabartar Putney Vale kusa da iyayensa.